Matattun Kuɗi: Tarkace Ne Ko Amana?

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango da ya wuce na je gida Goronyo, na tarar ana 'yar taƙaddama a kan wani gwangwani. Gwangwanin na kakata ne, ya yi shekara da shekaru a ƙasan adudunta, ba wanda ya kula da shi. Abin da ke ciki kuwa shi ne anini 14 a shirye jikin zare, da kwabo mai huji guda 6, da taro, da sule, da liyari 2, da wuri cikin tafin hannu. Wani mutum mai zagayen kasuwanni yana sayen tsofaffin kuɗi da tsohon dutsen guga ya ji labarinsa ranar Lahadi, watau ranar kasuwarmu, ya biyo har ƙofar gida ya yi tayi. Baffana ya ce a sayar. Dalilinsa kuwa ba na wasa ba ne, domin gonarmu ta nesa ba ta nomu ba saboda rashin tsaro, ga hatsi ya yi tsada. Ni kuma na ce a dakata. Ita mai kayan sai ta dube ni tana dariya ta ce, "Kai angona, mi za ka yi da kuɗɗin da ba su sayen ko goro?"

Gaskiya a ranar ban iya ba ta amsa ba. Wannan ɗan rubutu ƙoƙari ne na neman amsar, kuma ina fatan 'yan'uwa ɗalibai za su taya ni tunani. Tambayar ita ce: idan kuɗi suka daina saye, akwai sauran wani hakki nasu a kanmu? Shin mai tara su yana wani abin kirki ne, ko kuwa rowa ce da wauta?

Masu Tara Tagullar Rum

Kafin mu zo kan namu, yana da kyau mu dubi inda wannan sha'awa ta yi nisa. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da abin so kamar tara kuɗin tagulla na lardunan Daular Rum. Su waɗannan kuɗi ba a babban birnin daular aka buga su ba. Zinariya da azurfa galibi na sarki ne, amma 'yan canjin da ake sayen gurasa da mai da su an bar wa birane su buga abinsu. Birane fiye da 500 suka yi haka, mafi yawansu a ƙasashen da yanzu ake kira Turkiyya da Girka da Siriya da Falasɗinu. A fuska ɗaya sukan sa kan sarkin Rum da sunansa. A ɗaya fuskar kuwa sukan sa abin da garin ke alfahari da shi, ko ɗakin bautarsu, ko koginsu, ko gadarsu, ko ƙofar ganuwarsu, rubutun kuma yawanci da Girkanci. An yi ta wannan tun zamanin Sarki Agusta, wanda ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, har wajen shekara ta 275, sa'ad da birane suka daina bugawa. Iskandariyya ta Masar ce ta ɗan jima, ita ma aka rufe nata kafin shekara ta 300.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya yi mana nisa ƙwarai. Tarabulus ta Libiya, wadda a da ayarin fatake ke zuwa daga Kano ta hanyar Gadamas, tana cikin biranen nan. A lokacin sunanta Oya. Ita da maƙwabtanta Sabrata da Labda sun buga tagulla a zamanin Agusta da Tibariyas, ga kan sarkin Rum, ga kuma sunan garin da rubutun Finikawa na mutanen wurin.

Masana sun daɗe suna jera waɗannan kuɗi gari-gari, sarki-sarki. A 1992 aka fitar da kundi na farko na wani babban aiki na tattara su duka, yanzu kuma aikin yana kan intanet a ƙarƙashin gidan tarihi na Ashmolean da ke Jami'ar Oxford. Amfanin da aka samu ba kaɗan ba ne. Akwai gine-ginen da suka rushe ƙurmus, ba a san kamanninsu ba sai a jikin ɗan kwabon da garin ya buga. Akwai masu riƙe da sarautun gari da ba wani littafi da ya ambace su, sunansu bai saura ko'ina ba sai a nan.

Mu Musulmi ma muna da labarin da ya nuna cewa kuɗi shaida ne a kan zamani, watau labarin As'habul Kahafi. Masu tafsiri da yawa sun ce a birnin Afsus abin ya faru, zamanin sarki Dakyanus, wanda masu tarihi suka ce shi ne sarkin Rum da ya yi mulki daga 249 zuwa 251. Afsus ɗin nan tana cikin biranen da suka yi ta buga tagullarsu. Da samarin suka farka suka aiki ɗayansu gari da azurfarsu ya sayo abinci, masu tafsiri suka ce kuɗin ne suka tona asiri, domin mai sayarwa ya ga na wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa. Ashe ke nan kuɗin da suka kasa sayen abinci sun iya faɗin shekarun da masu su ba su san sun wuce ba.

Namu Na Gida

To, mu dawo gwangwanin tsohuwa. Abu mafi tsufa a ciki shi ne wuri. Ɗalibin Hausa ya san cewa kalmar kuɗi, ko kuɗɗi kamar yadda muke faɗi a ƙasar Sakkwato, asalinta jam'in wuri ce. Shi wuri ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, daga baya kuma aka riƙa kawo wani iri daga gaɓar Afirka ta Gabas. Da shi kasuwannin Daular Usmaniyya suka yi ciniki. Ana ƙirga shi hauya-hauya, watau 20-20, har a kai zambar, watau 1,000, har a cika keso, watau 20,000. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A Kano, a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Watau liyari 8 da za su shiga aljihu ɗaya daidai suke da keso guda, kayan da sai ƙato ya ɗauka.

Shi kuma liyari kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. Duk wanda ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinsa, shekarar da ta mutu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har ƙarni biyu da wani abu, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani ba sai shi. Nauyinsa wajen giram 28 ne. Da ya daina ciniki sai mata suka mai da shi abin wuya, maƙeran fari kuma suka riƙa narka shi suna yin zobe da mundaye.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, a 1907 kuma aka fara buga kwabo da anini musamman domin wannan ƙasa. Anini 10 ne kwabo ɗaya, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Tsakaninsu akwai ɗari, rabin kwabo ke nan, da taro na kwabo 3, da sisi na kwabo 6, da dala ta sule 2. Da aka matsa sai an biya haraji da kuɗin Turawa, dole talaka ya nemi waɗannan ƙarafa, wuri kuma ya yi ta ja da baya har ya koma abin ado da kayan caca da na 'yan bori.

Na ɗauki anini ɗaya na goge shi da toka na duba da kyau. A gefe ɗaya ga kambin sarauta da sunan sarkin Ingila da rubutun boko, ga kuma ƙimarsa da haruffan Larabci domin mutanenmu su iya karantawa. A ɗaya gefen ga tauraro mai tsini 6. Nan take tagullar Tarabulus ta faɗo mini a rai: sunan mai mulki na nesa da rubutunsa, tare da rubutun waɗanda ake mulka. Ashe anini kuɗin lardi ne na wata daula. Sai dai akwai bambanci, kuma bambancin ya fi kamar muhimmanci. Biranen Rum su suka buga nasu, suka zaɓi abin da za su sa. Mu kuwa a Ingila aka buga mana. Wanda ya dubi wasu da kyau zai ga ɗan harafi H ko KN, alamar masana'antun da suka buga su a Birmingham. Ba Gulbin Rima a jiki, ba ganuwar Wurno, ba Hubbare.

Cikin kwabban kuma na sami ɗaya na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya hau a Janairu ya yi murabus a Disamba domin ya auri wata bazawara 'yar Amurka. A Ingila kanta kuɗi masu sunansa ba su shiga kasuwa ba, amma ga shi a ƙasan adudu a Goronyo. Daga baya Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, sa'an nan ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2. Su ma kwabban naira yanzu yaro ba ya karɓarsu a bakin alewa.

Hujjojin Masu Cewa A Rabu Da Su

Ba adalci ba ne in yi shiru a kan abin da baffana da ire-irensa ke faɗi, domin maganarsu tana da nauyi.

Hujja ta farko ita ce tara kuɗi a ɓoye rowa ce, addini kuma ya yi hani da taskace dukiya. Wannan gaskiya ne a kan kuɗin da ke da rai. Laifin marowaci shi ne ya tsare abin da zai amfani jama'a in ya zagaya. Amma anini ko an zuba shi a tsakiyar kasuwa ba wanda zai ƙoshi da shi. Wanda ya ajiye shi bai hana kowa kome ba. Saboda haka wannan hujja ba ta kama anini da wuri ba, ko da yake ta ɗan taɓa liyari, tun da shi azurfarsa har yanzu dukiya ce.

Hujja ta biyu ita ce waɗannan kayan mulkin mallaka ne, me ya sa za mu girmama sunan waɗanda suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi? A nawa ganin, ajiye shaida dabam, yabon wanda shaidar ta ambata dabam. Alƙali yakan ajiye wuƙar da aka yi ta'asa da ita, ba don yana son wuƙar ba. Kwabon nan shi ne abin da kakanninmu suka noma gyaɗa da auduga, wasu suka tafi cin rani, domin su samu su kai wa mai gari. Daɗin daɗawa, ba kuɗin Turawa kaɗai ke da labari mai ɗaci ba. Da wuri da liyari an sayi 'yan Adam a kasuwanninmu, kuma wannan ma tarihinmu ne. Al'ummar da ta zubar da duk shaidar da ba ta mata daɗi, nan gaba sai ta dogara ga abin da wasu suka ga dama suka faɗa mata game da kanta.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, watau yunwa. Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a gidanmu banar ce ba daɗi. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin buhun gero da gwangwanin ƙarafa, ɗalibin da ya ce a bar yara da yunwa domin tarihi ya nuna karatu bai amfane shi ba. Rai yana gaba da tarihi, domin masu rai ake ajiye wa tarihin. Ban da wata gardama a nan. Abin da kawai zan ce shi ne, kafin a sayar a san abin da ake sayarwa, domin ba duk abin da ke cikin gwangwanin ne darajarsa iri ɗaya ba.

Laifin Mai Tarawa

Kada kuma a ɗauka duk mai tara tsofaffin kuɗi mutumin kirki ne. A nan ma tagullar Rum tana da darasi. Saboda masu saye sun yi yawa, mutane a ƙasashe kamar Bulgeriya da Turkiyya da Siriya sukan bi kufai da dare da na'urar gano ƙarfe, su tone, su kwashe, a sayar da kuɗin tuli-tuli ko wanke su ba a yi ba. Kwabon yakan isa hannun mai sha'awa lafiya lau, amma ba wanda ya san daga wane gari aka tono shi, a wane zurfi, kusa da me. Rabin abin da zai faɗa ya tafi ke nan har abada.

Ga misalin da zai nuna girman asarar. A 1925 an buɗe wani kabari a Abalesa, cikin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, wanda Buzayen wurin suka ce na kakarsu Tin Hinan ne. Cikin kayan da aka samu akwai ɗan fallen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarki Kustantin na Rum. Wannan ɗan abu ya taimaka aka gane cewa kabarin bai girmi ƙarni na 4 ba, ya kuma nuna cewa kayan Rum sun kai tsakiyar Sahara. Da ɓarawo ya riga zuwa ya sayar da shi a wata kasuwa, da ya zama ɗan zinariya kawai.

Mu ma abin ya same mu. Gumakan yumɓu na Nok da na ƙasar Sakkwato da Katsina an yi ta tone su ana fita da su, har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Akwai doka, akwai kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, amma doka ba ta kwana a kufai.

Saboda haka sai in raba masu tarawa gida biyu. Akwai wanda burinsa ya mallaka, ya ce yana da abin da wani ba shi da shi. Wannan bai damu da inda abin ya fito ba, kuma kwaɗayinsa shi ke aika mai tono. Akwai kuma wanda ya ɗauki abin a matsayin amana. Shi yakan tambayi wa ya ba da shi, a ina aka samu, me aka saya da shi, ya rubuta, ya bar wasu su gani, ya kuma shirya hannun da abin zai koma bayan ransa. Na farko da ɓarayin kufai tafiyarsu ɗaya, ko da bai taɓa riƙa magirbi ba. Na biyu kuwa aikinsa ɗaya da na malamin da ke adana tsofaffin takardu a gafaka.

Yadda Muka Ƙare

A gidanmu an sayar da liyari 2, aka auno gero. Ban yi baƙin ciki sosai ba, domin liyari an buga miliyoyi, duk da shekara ɗaya, kuma tun asali saboda rana irin wannan mata suke ajiye azurfa. Tsohuwa da kanta ta ce abin da uwarta ta ba ta shi dominsa ke nan. Da na dubi tayin mutumin da kyau sai na ga kusan dukan kuɗin na azurfar ne. Anini da kwabban da wurin, abin da ya sa musu bai kai na tiya ɗaya ba. Baffa ya ce in haka ne a bar mini tarkacena.

Kafin a miƙa liyarin na ɗora takarda a kansu na goga fensir, siffarsu ta fito, na kuma ɗauki hotonsu da waya. Sa'an nan na zauna kwana 3 ina tambayar tsohuwa ina rubutawa. Nan na ji cewa zaren aninin ita ta shirya shi tana yarinya daga ribar tallar ƙuli-ƙuli. Na ji abin da taro ke saye a lokacin, da yadda ake ƙulle sule a bakin zane, da ruɗanin da mata suka shiga a 1973 suna mai da kowane farashi sule-sule kafin su yarda su biya. Wannan littafin rubutu yanzu ya fi mini gwangwanin daraja, kuma da mutumin nan ya tafi da gwangwanin ranar Lahadi, da ban taɓa tambayarta ba.

Kammalawa

Amsar da zan kai wa kakata in na koma ita ce: gaskiya ne ba su sayen goro, amma suna ba da shaida, shaida kuwa amana ce. Hakkinsu a kanmu shi ne kada mu raba su da labarinsu. Wanda larura ta sa ya sayar ba shi da laifi, amma ya fara rubuta abin da ya sani. Wanda yake tarawa ya tambayi asalin abin da ake kawo masa, ya ƙi na tono.

Mu ɗaliban Hausa abin ya fi shafarmu, domin kuɗin sun mutu sun bar sunayensu a bakinmu. Har gobe muna cewa wane ba shi da ko anini, ko ba a ba ni ko sisin kwabo ba, ko an biya kuɗi wuri na gugar wuri. Ƙannenmu suna faɗin haka ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Ina ba wannan ƙungiya shawara, kowane ɗanta in ya tafi hutu ya nemi tsohuwar gidansu ya tambaye ta abin da ke ƙasan adudu, ya rubuto sunaye da ƙirga da labarai. Abin da masu shi suka yarda su bayar a tara, a rubuta garin da kowane ya fito, a kai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Makama a Kano, inda kowa zai gani. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama digiri ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.